Wa zai raka mutanenmu su canza rumfar zaɓe?

Malamin Firamare:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah a karanta har ƙarshe kafin a fara jifa. Jiya bayan la'asar ina zaune gaban shagon wani abokina nan Tudun Wada a Gusau, mu bakwai ne kan benci, hira ta gangaro kan siyasa kamar kullum, wannan na zagin kansila wancan na zagin ɗan majalisa, sai na ce to ku tsaya, cikinmu nan wa ke da katin da in aka ce gobe zaɓe zai fita ya dangwala? Mu biyu kacal, ni da mai shagon. Ɗaya nasa ya ɓata wajen ƙaura, biyu rumfarsu na can ƙauyen da suka baro shekaru huɗu da suka wuce, ɗaya bai taɓa yi ba ga shi da 'ya'ya uku, na ƙarshen kuma ya ce yana da shi amma banki kawai yake kai shi. To INEC ta sake buɗe rajista tun Agustan 2025, ana yin sabo ga wanda ya kai 18, ana sauya wanda ya ɓata ko ya lalace, ana kuma mayar wa mutum da rumfarsa kusa da inda yake zaune yanzu. Waccan ta baya an rufe ta ƙarshen Yulin 2022 kuma kun tuna turmutsitsin da aka yi a satin ƙarshe. Shawarata mu rubuta sunayen mutanen unguwa, musamman baƙinmu da rikici ya koro, mu riƙa raka su rukuni rukuni. Me kuka gani?

Mai Napep:
Wa alaikumussalam Malam. Ni hwa kar a sa sunana. 2019 tun da asuba nit tahi layi, ko karin kumallo ban yi ba, rana ta gasa mu har azahar munka dangwala, anka hwaɗi sakamako munka yi murna, sai ga wasu mutum biyar zaune Abuja cikin sanyin AC sun ce ƙuri'unmu duk asara na. Mutum ya samu sama da dubu 500 anka ɗauka anka ba wanda bai kai dubu 200 ba. To mi za ni je yi kuma? Ranar zaɓe ma hana mu aiki akai, in kwana ban samu na cefane ba.

Ɗalibin Lauya:
Yaya Mai Napep abin da ka faɗa ya faru, ba wanda zai musa, 24 ga Mayu 2019 ne Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin, saura kwana biyar a rantsar da gwamna. Amma an bar jaki ana dukan taiki. Kotu ba cewa ta yi ba ku yi zaɓe ba, cewa ta yi APC ba ta yi zaɓen fidda gwani na halal ba a Zamfara, don haka a idon doka ba ta da ɗan takara ko ɗaya a takardar. Kuma ba kwatsam abin ya zo ba, tun Oktoban 2018 INEC ta ce wa'adi ya wuce jam'iyyar ba ta fidda kowa ba, lokacin ana ta rigima tsakanin ɓangaren Gwamna Yari da su Sanata Marafa. Wato tun wata biyar kafin ka shiga wannan layin aka riga aka ɓarar da ƙuri'arka, a cikin gidan jam'iyya, inda ni da kai ba mu taɓa leƙawa ba. Gwamna, sanatoci 3, 'yan majalisar wakilai 7, na jiha 24, duk suka tashi a rana ɗaya.

Mai Napep:
To ka gani, kai ma ka taya ni hwaɗi. Manya ka yin rigimarsu talaka ya sha rana a banza.

Ɗalibin Lauya:
A'a Yaya ba haka nake nufi ba, jira in gama rubutu, sabis ne ke wasa da ni

Baba Ɗan Fansho:
Salamu alaikum. Ku yi haƙuri da rubutuna jikana ke taya ni. Ɗana Mai Napep ina jin zafinka, amma bari tsoho ya tuna maka wani abu da ku yara kuke mantawa. Jihar nan an ƙirƙiro ta 1996, tun 1999 muke zaɓen gwamna, kuma sau biyu talakawan Zamfara suna kada gwamna yana kan kujera da jami'an tsaro da baitulmali duk a hannunsa. Kafin zaɓen 2011 Mamuda Shinkafi ya bar ANPP ya koma PDP mai mulkin ƙasa a lokacin, kowa ya ce ai shi kenan ya gama, aka fito aka ba Yari. Kafin zaɓen 2023 Matawalle ya bar PDP ya koma APC mai mulkin ƙasa, aka fito aka ba Dauda Lawal, tazarar ma ta haura dubu 60. Ba ina yabon wani ko kushe wani ba ne, ni duk na ga mulkinsu kuma fanshona ya san abin da ya sani. Abin da nake cewa jihohi nawa ne a arewa suka yi haka har sau biyu? In da ƙuri'a ba ta aiki da babu ɗan siyasar da zai kwana yana rabon atamfa. Ba a sayen abin da ba shi da amfani.

Anti Nas:
Allah ya ƙara girma Baba, wallahi ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi, maganar atamfar nan. Ku maza kuna nan kuna muhawara a waya amma ku je rumfa ranar zaɓe ku ga layin wa ya fi tsawo. Mata ne, da goyo, wasu da tsohon ciki. Kuma su aka fi rainawa. A 2023 lokacin da aka canza kuɗi babu takardar naira a gari, ni da idona na ga ana bi gida gida da daddare da taliya da sabulu da ɗan magi a leda, wata maƙwabciyata ta ce min Anti kwana biyu ban ɗora tukunya ba ki ce kar in karɓa? Na rasa abin da zan ce mata. Har yau ban da amsar da zan ba mai jin yunwa, kar wani ya zo yana min wa'azi a nan. Abin da na iya ce mata kawai, in kin shiga wajen dangwalawa ke kaɗai ce da Allahnki.
Sannan wata matsalar da ba ku faɗa, akwai gidajen da maigida ke tattara katunan matansa da na 'yan matan gidan ya kulle a akwati, ranar zaɓe shi zai ce ga wanda za a yi. Wani ma karɓar kuɗi yake a kan katin gaba ɗaya kamar ya sayar da buhun gero. In za ku yi wannan aikin Malam to ku sa mata ciki, namiji ba zai shiga gidan kulle ya rubuta suna ba.

Malamin Firamare:
Anti wannan gaskiya ne kuma ban yi tunaninsa ba sam. Ko za ki samo mana mata biyu ko uku, ko cikin malaman Islamiyyar matan aure?

Ɗan Dansadau:
Jama'a ku gahwarce ni, na daɗe ina karatu ban yi magana ba. Ni ina cikin waɗanda Malam ka magana a kansu. Shekara ta huɗu ke nan ina Gusau, ɗaki guda ni da iyali da mahaihiyata. Rumfar da nike zaɓe makarantar firamare ta ta ƙauyenmu, yanzu ko rufin kwano babu bisanta, garin kowa ya watse. Mun yi zaɓe 2015, mun yi 2019, kowane ya zo ya ce tsaro tsaro, munka ba shi. Gonar da ubana ya bar man sai na biya ɓarayin daji kuɗɗi kahin in noma, in biya kahin in girbe, daga baya ma anka ce kar a sake ganinmu. 2021 anka kashe sabis na waya anka rufe kasuwanni anka ce wata ɗai za a gama da su, muna nan dai. Ƙanena da anka ɗauka sai da munka sai da shanu biyu da babur. Ba ɗan siyasar da ya zo ko jaje. To Malam don Allah ba gardama ni kai ba, tambaya ta, in na canza kati na dawo da shi Gusau, na zaɓi kansilan Tudun Wada, wa zai yi maganar ƙauyenmu? Ke nan mun sallama garin ke nan har abada?

Baba Ɗan Fansho:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar da alheri ɗana, Allah ya mayar da ku gidajenku lafiya.

Anti Nas:
Amin ya Allah. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Malamin Firamare:
Ɗan'uwa wannan tambayar ta fi ƙarfina, ba zan yi maka ƙarya ba. Na kwana ina ganin canza rumfa abu ne mai sauƙi, ban kawo cewa ga wani kamar yanke cibiya ba ne. Abin da zan iya cewa, ba dole sai ka dawo da ita Gusau ba, kana iya mayar da ita wata rumfar cikin ƙaramar hukumar Maru inda ake iya zuwa, ka ga har yanzu ɗan majalisarku da ciyaman ɗinku na hannunka. Kuma ranar da Allah ya kawo zaman lafiya ana sake mayarwa. Amma barin katin a rumfar da ba kowa, shi ne wanda na fi jin tsoro, don sunanka na cikin rajista, kai ba ka nan, ban san wa zai yi amfani da wannan gurbin ba.

Tsohon Ɗan Bautar Ƙasa:
Bari in shigo nan tunda na yi aikin zaɓe lokacin ina bautar ƙasa, ni ne shugaban rumfa a 2023. Malam tsoronka yana da tushe amma yanzu abin ya ɗan canza. Da can ana auna aringizo ne da yawan masu rajista, rumfa mai mutum 700 ko mutum 90 suka zo ana iya cike 600 a ce lafiya lau. Dokar zaɓe ta 2022 ta mayar da ma'aunin kan mutanen da na'urar BVAS ta tantance, da yatsa ko da fuska. In ƙuri'un cikin akwati suka fi adadin da ke cikin na'ura, sakamakon rumfar ya rushe. Shi ya sa yanzu masu abin suka koma sayen ƙuri'a da hana mutane fitowa, don cusa takarda ya yi wuya.
Kuma ku yi lissafi da kanku. A ce rumfa mai mutum 700, in 150 suka fito mai jakar kuɗi mutum 80 kawai yake buƙata ya saya. In 500 suka fito sai ya nemi sama da 250, a rumfa ɗaya fa, a ƙasar da ke da rumfuna 176,846. Duk wanda ya zauna gida ya rage masa tsada ne. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum miliyan 93 ke cikin rajista, waɗanda suka fito ba su kai miliyan 25 ba, wanda ya ci da ƙuri'a miliyan 8 da dubu ɗari bakwai da wani abu ya ci. Waɗanda suka zauna gida sun ninka na duk 'yan takarar in an haɗa.
Abu na ƙarshe, abin da ya fi ba ni haushi ranar, ƙarfe biyu kowa ya dangwala ya tafi gida cin tuwo, lokacin ƙirga daga ni sai wakilan jam'iyyu da 'yan yara. Alhali doka ta ba ka dama ka tsaya, a ƙirga a gabanka da babbar murya, a cike fom ɗin sakamako EC8A, wakilai su sa hannu, a manna sakamako a bango ka ɗauki hoto da wayarka. A kasa a tsare a raka da ake faɗa ba waƙa ba ce kawai.

Mai Napep:
To ranka shi daɗe shugaban rumfa, ina hoton da anka ce za a ɗora intanet nan take ranar zaɓen shugaban ƙasa? Mu munka ji shiru har dare.

Tsohon Ɗan Bautar Ƙasa:
Wannan kam ka kama ni, na shugaban ƙasa bai hau IReV, shafin INEC na ɗora sakamako, a kan lokaci ba ranar 25 ga Fabrairu, hukumar da kanta ta ce matsalar na'ura ce kuma mutane da yawa ba su gamsu ba har gobe. Ba zan kare abin da ban iya karewa ba. Amma shi ya sa na ce hoton bango, wanda ke cikin wayarka ba ya jiran sabis ɗin kowa.

Sai Mai Gidana:
Duk wannan dogon turancin na mene ne, kowa ya san wanda ya yi aiki a jihar nan ya san wanda ya kwashe, ku fito fili ku faɗi wanda kuke yi wa aiki kawai. Malam nawa aka ba ka?

Malamin Firamare:
Ga irinta nan. Ƙanena albashina na wata ko buhun shinkafa biyu ba ya saye, in an ba ni wani abu da ka gani a jikina. Ba ruwan wannan aikin da jam'iyya, wanda muka raka ya je ya zaɓi mai gidan naka ma in ya ga dama. Don Allah admin a ja kunne, in aka fara sojan baka a nan zancen zai watse kamar na watan jiya.

Admin:
An ji. Duk wanda ya sake kawo tallan ɗan takara ko zagi zan cire shi na kwana uku, ko ƙanin babana ne.

Ɗalibin Lauya:
Yawwa sabis ya dawo. Abin da nake son ƙarasawa ɗazu Yaya Mai Napep, darasin 2019 a wurina shi ne mun bar wa mutum ƙalilan wajen da ake dafa abincin, mu sai dai a kawo mana a kwano a ce ci ko ka bari. Ɗan takara ba daga sama yake faɗowa ba. Jam'iyya na da shugabanni a kowace mazaɓa, Zamfara mazaɓu 147 ne a ƙananan hukumomi 14, daga nan ake fidda daliget, su kuma su fidda ɗan takara in ba ƙato bayan ƙato aka yi ba. Ranar taron mazaɓa mutum nawa ke zuwa? Sai a zauna a falon wani Alhaji a rubuta sunaye a ce an yi maslaha. Mu kuma muna shagon mai shayi muna cewa duk ɗaya ne. Tun 2018 aka rage shekarun takara, ɗan shekara 25 na iya neman majalisar jiha ko ta wakilai, amma matasanmu har yanzu aikinmu riƙe fasta da ihu a bayan mota.

Mai Napep:
Kai yaro, kuɗin fom ɗin hwa? Ko da Napep ɗina za ni saye?

Ɗalibin Lauya:
Hhhh ban ce ka tsaya takara ba Yaya, cewa na yi ka yanki katin jam'iyyar da kake so ka riƙa zuwa taron mazaɓa. Mutum 40 masu Napep in suka shigo taro ɗaya ba mai rubuta suna a ɓoye.

Baba Ɗan Fansho:
Yaron nan ya yi magana. Amma ni abin da ke damuna ƙaramar hukuma. A zamaninmu ciyaman shi ke gyara rijiya da ɗakin shan magani da rufin makaranta, kana iya taka ƙafa ka same shi a ofis. Zaɓensu ba INEC ke yi ba, hukumar zaɓe ta jiha ce, kuma ku duba ko'ina a ƙasar nan, jam'iyyar da ke mulkin jiha ita ke lashe kusan komai, ko APC ce ko PDP ko wata, duk halinsu ɗaya a nan. Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye kuma ba a yarda da kantoma ba. To hukunci dai an yi. Amma in kuɗin ya zo, wa zai tambaya? Cikinku wa ya san sunan kansilansa? Ban ce lambar waya ba, suna kawai.

Anti Nas:
Baba ni na san namu don matarsa na zuwa awo wurinmu 😂 amma wallahi tun da aka rantsar da shi ban ga ya kira taro ba, mu ma kuma ba mu neme shi ba, gaskiya ɗaya ce. Famfon unguwarmu wata bakwai ke nan a lalace, kowa na sayen ruwa wajen 'yan garuwa yana tsinuwa, ba wanda ya ce mu haɗu mu goma mu je mu same shi da takarda a hannu.

Malamin Firamare:
To Anti a haɗa biyun mana. Duk gidan da muka shiga rubuta masu buƙatar kati, mu tambaye su abu ɗaya da ya fi damunsu a unguwa, mu tattara mu kai wa kansila da sa hannun mutane, da sanin mai unguwa da liman don kar a ce tawaye muke. Ya yi ko bai yi ba, takardar na nan, ranar da ya dawo neman ƙuri'a mu karanta masa ita a gaban jama'a. Ba a fafe gora ranar tafiya.
Ga yadda na gani, Asabar bayan la'asar a haɗu ƙofar makarantar Islamiyya. Tsohon Ɗan Bautar Ƙasa ya zo da wayarsa tunda ana iya fara cike wasu abubuwan ta intanet kafin a je ofis. Masu sabuwar rajista dole su je da kansu a ɗauki yatsa da hoto, ba a yi wa wani. Kuma a gaya wa kowa, wanda ya taɓa yi kar ya sake sabo, rajista biyu laifi ne kuma na'ura na ganowa, canji ko sauyi zai nema. Kyauta ne, duk wanda ya ce a ba shi kuɗi a faɗa mana.

Ɗan Dansadau:
Malam zan zo in ji. Ban yi alkawarin canzawa ba tukuna, sai na yi shawara da mutanenmu da ke Damba da Unguwar Gwaza, mun kai gida talatin, in za mu yi gara mu yi tare mu koma rumfa guda, ko ba komi a san yawanmu. Amma mahaihiyata katinta ya ƙone tare da ɗaki, kuma yatsunta sun goge da aikin gona, za su karɓe ta?

Tsohon Ɗan Bautar Ƙasa:
Za su karɓe ta, a zo da ita da kanta, da cikakken sunanta da sunan rumfar da ta yi rajista ana nemo ta a rajista. Maganar yatsa kuma kar ka damu, in yatsa ya ƙi fuska na yi, na tantance tsofaffi da yawa haka. Kuma dabarar ku koma rumfa ɗaya ta fi duk abin da muka faɗa yau, gida talatin a akwati guda ba ɗan takarar da zai wuce ku bai tsaya ba.

Mai Napep:
Ni dai har yanzu ban ce zan yi zaɓe ba, kar Malam ya rubuta ni. Amma tsohuwa ba ta tahiya ƙasa ina da Napep. Ɗan Dansadau turo man kwatancen gidan ta akwati, in zo in ɗauke ta da sauran tsohin. Mai dai a haɗa man, lita ta yi tsada.

Anti Nas:
Na ɗauki nauyin lita biyu. Malam Asabar ɗin ƙarfe nawa takamaimai, don ina da dutin safe sai biyu nake tashi, kuma a samo tabarma ta mata daban.